Tambaya da Amsa: Wane Irin Horo Gandiroba Yake Samu, a Gida da Ƙetare?

Kaduna ta daɗe da sanin kakin gandiroba. A garin nan makarantar horar da sababbin ma'aikatan gidan yari take, a Barnawa kwalejin manyan jami'ansu take, ga gidan horon kangararrun yara, ga kuma sansanin ɗaurarru na Kakuri. Da wuya ka zaga unguwa ba ka ci karo da gidan da ke da ɗa ko suruki a wannan aiki ba. Shi ya sa da muka ce filin wannan wata na horon gandirobobi ne, wasiƙu suka yi yawa. Mun zaɓi shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da difloma, ina jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata a Hukumar Gyaran Hali. Abokaina suna cewa horon fareti ne kawai da gudu, bayan 'yan watanni a ba ka kaki. Haka ne? Kuma haka ake yi a sauran ƙasashe? Daga wani matashi, Rigasa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanenmu. Kafin komai, hukumar CDCFIB ce ke ɗaukar ma'aikata, ita ce mai kula da jami'an Sibil Difens, gidajen gyaran hali, 'yan kwana-kwana da shige da fice. Ta intanet ake cike takarda, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka.

Abokanka rabin gaskiya suka faɗa maka. Akwai fareti, akwai gudun asuba, domin hukumar tsarin masu kaki take bi, da igiya da sarawa da oda. Horon farko kan ɗauki kamar wata 6, a Kaduna, ko Kirikiri ta Legas, ko Inugu. Sai dai abin da zai riƙe ka a bakin aiki a aji ake koyar da shi. Za a karantar da kai dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2019, wadda ta sauya sunan hukumar daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta kuma raba aikin gida biyu: tsare mutum a ciki, da kula da wanda kotu ta yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba. Bayan doka sai sana'ar kanta, wato ƙidaya, riƙon makulli, bincike, rakiya zuwa kotu ko asibiti, da rubuta rahoto.

Ɗauki ƙidaya. Ana ƙirga mutane kafin a buɗe da safe, ana ƙirgawa in an kulle da yamma, ana ƙirgawa a duk canjin aiki. Jiki ake ƙirgawa. Amsa suna bai wadatar ba, tudun bargo ma bai wadatar ba, sai ka ga fuska ko hannu ko motsin numfashi, domin an sha tserewa a bar tsumma cikin bargo yana kwana a madadin mutum. Lambar da ka samu dole ta dace da ta allon ƙofa, bayan an cire waɗanda suka tafi kotu, asibiti ko aikin waje. In ba ta dace ba, a tsayar da kowace zirga-zirga a sake ƙirgawa, ba a gyara lamba da biro. Kuskuren da ya fi kama sabon ma'aikaci shi ne ya leƙa allo tukuna, ya san adadin da ake nema, sai idonsa ya ba shi wannan adadin ko da mutum ɗaya ba ya nan. Don haka malamin kirki yakan hana ɗalibi kallon allo sai ya rubuta tasa lambar.

Makulli kuma a sarƙa yake, maƙale da ɗamara, cikin aljihu. Ba a ajiye shi a tebur, ba a miƙa wa ɗaurarre ko da amintacce ne, ba a fita da shi ƙofar gida, kuma ana ƙirga shi a sa hannu duk lokacin da aka karɓi aiki. Ɗaki ba a buɗe shi da dare sai da izinin babba, da ƙarin ma'aikata a tsaye.

Game da sauran ƙasashe, bambancin yana da girma. A Nowe shekara 2 ake yi a kwalejin KRUS da ke garin Lilestrom, ana biyan ɗalibi albashi, yana karanta shari'a, ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin aikata laifi da ɗa'ar aiki, yana kuma zuwa gidan yari koyon aiki ƙarƙashin mai sa ido. Jamus ma shekara 2 ce, kowace jiha da makarantarta. Faransa makaranta ɗaya ta ƙasa gare ta, a garin Ajen. Ingila horon farko kamar mako 10 ne, sauran a bakin aiki ake ƙarasawa. A Amurka ma'aikacin gidan yarin tarayya mako 3 yake yi a cibiyar Glinko ta jihar Jojiya, ban da gabatarwar da ake yi masa a inda aka tura shi, jihar Kalifoniya kuwa mako 13 take ba nata. Kenya a Ruiru, Yuganda a Luzira, kowace kamar wata 9. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar rundunar Garde Nationale ce ke gadin gidajen yarinsu, wato asalin horonsu na tsaro ne. Mu ma a Arewa daga can muka taso: Yari sarauta ce ta mai riƙon kurkukun En'e, daga sunansa aka samu "gidan yari", kuma sai a 1968 aka haɗe kurkukun En'e da na gwamnatin tarayya.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi yana cikin Ƙa'idojin Nelson Mandela guda 122 na yadda za a kula da ɗaurarru, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a Disambar 2015. Ƙa'ida ta 75 ta ce kada a sa kowa aiki sai ya ci jarrabawar rubutu da ta gwaji, kuma a ci gaba da sabunta masa horo. Ta 76 ta lissafa abin da dole a koyar: doka, haramcin azabtarwa, tsaro, amfani da ƙarfi, sulhu da sasanci, taimakon gaggawa, da gane alamun taɓin hankali. A ganinmu, inda muka fi rauni shi ne sabuntawar. Mutum ya fito makaranta da ilimi mai kyau, sai ya shekara da yawa bai sake shiga aji ba, abin da tsofaffin ma'aikata suka nuna masa, mai kyau da marar kyau, shi ke zama karatunsa.

Tambaya: Yallaɓai, shekarata 8 a aikin nan. Kullum ana ba mu labarin Nowe, wai gandiroba yana shan shayi da fursuna. Inda nake, ɗaki kan ɗauki ninkin mutanen da aka gina shi dominsu sau biyu ko uku, kuma ni kaɗai ne a layi. Wannan karatu na Turawa zai yi mana wani amfani? Daga wani ma'aikaci, Kaduna ta Kudu.

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa, Allah Ya tsare. Ƙorafinka yana kan hanya, kuma ba za mu ce maka a kwafo Nowe ba. Gidan yarin Halden da aka buɗe a 2010 kowa da ɗakinsa, ma'aikata kuma suna da yawa ƙwarai. Wannan kuɗi ne, kuma ba a koyar da kuɗi a aji. Amma akwai abin da ke cikin karatun nasu wanda bai buƙatar ko sisi, kuma kai da ke kaɗai a layi ka fi Banowe buƙatarsa.

Tsaron gidan yari murhu ne mai duwatsu uku. Na farko gini: katanga, ƙofa, kwaɗo, fitila. Na biyu tsari: ƙidaya, bincike, rijista. Na uku sanin mutanen da kake tsare da su, suna da hali da damuwa, ta yadda za ka ji ƙaurin tarzoma tun tana hayaƙi. Na ukun shi Ƙa'ida ta 76 ta ambata musamman, kuma shi ne ginshiƙin horon Nowe. Inda gini ya tsufa, ma'aikata suka yi kaɗan, nauyin tukunya a kansa yake komawa.

Ga yadda ake koyar da shi. A Nowe kowane ɗaurarre yana da jami'i guda da aka ɗora wa alhakinsa. Ingila ta kwaikwayi abin: jami'i ɗaya da mutum kamar 6, a ware minti 45 a mako don kowane. Suna kuma da wani darasi na mayar da hirar minti 5 ta zama mai amfani: ka yi tambayar da ba a amsa ta da "i" ko "a'a", ka saurara fiye da yadda kake magana, ka bar mutum ya faɗi mafita da bakinsa. A Amurka, gidan yarin Chester na jihar Pensilbaniya ya tura ma'aikatansa ƙasashen Sikandinebiya koyon aiki, a 2022 suka buɗe sashe guda da ke bin wannan salo. Singafo ta daɗe tana kiran jami'anta jagororin rayuwa, tana horar da su a kan haka.

Kai ba ka da minti 45. Kana da ƙaramin littafi da biro. Ka kama sunayen mutum 5 a rana, ka kira su da sunan maimakon lamba ko laifi. Ka san wane ne ranar kotunsa ta wuce ba a kai shi ba, wane ne aka daina ziyarta, wane ne aka yi wa rasuwa. In mutum ya kawo buƙata, ka rubuta a gabansa, ka dawo masa da amsa ko da "ba zai yiwu ba" ce. Alkawarin da aka saɓa ya fi ƙin amincewa ta fili tayar da hankali. In za ka ba da aiki, ka faɗa wa wanda ya karɓe ka abin da ka gani, kada lamba kaɗai ka miƙa masa.

Alamun da ake koyarwa a lura da su sanannu ne. Layin da ya saba hayaniya ya yi tsit. Mutane su ƙi karɓar abinci tare. Masu neman a sauya musu ɗaki ko a kai su asibiti su ƙaru a rana ɗaya, domin wanda ya san abin da ake shiryawa yakan nemi hanyar kaucewa. A kwana da takalmi a ƙafa. A riƙa tara ruwa da abinci. Dattawan ɗaki da suka saba gaishe ka su riƙa kau da kai. Ɗaya daga ciki ba komai ba ne, amma biyu ko uku a tare rahoto ne da ya kamata ya isa ofis kafin a kulle.

Akwai haɗari, kuma dole a faɗe shi. Kusanci ba tare da iyaka ba shi ke kai ma'aikaci ga halaka. Abin yakan fara da ƙarami: "Oga, ara mini waya in gaida tsohuwa," ko a tura maka kati, ko ɗan'uwan wani ya tsaya maka a wata hidima. Ranar da ka karɓa, ka shiga hannu, gobe ƙwaya ko waya za a ce ka shigo da ita, in ka ƙi a tuna maka jiya. Makarantun da suka san aiki sukan gwada wannan a aji, malami ya zama fursuna mai daɗin baki, ɗalibi ya koyi cewa a'a ba tare da wulaƙanci ba, ya kuma kai rahoton tayin a ranar. Rahoton shi ne garkuwarka.

Sai maganar shugaban ɗaki. Ƙarancin ma'aikata ya sa a wurare da yawa a Afirka an bar wa wasu ɗaurarru ragamar ɗaki. Su tsara layin wanka ko shara babu laifi. Amma Ƙa'ida ta 40 ta hana a ba ɗaurarre ikon hukunta ɗan'uwansa. In shugaban ɗaki ne ke sayar da wurin kwana, shi ke duka, kuma ta bakinsa kaɗai kake jin labarin ɗakin, to shi ke tsare da gidan, kai makulli kawai kake riƙe.

Cunkoson kansa kuwa ba laifinka ba ne. Wajen kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi. Sashe na 12 na dokar 2019 ya ce in gida ya cika ya wuce ƙima, Kwanturolan jiha ya sanar da Babban Jojin jiha da Antoni Janar cikin mako guda, ya kuma buɗe hanyar ƙin karɓar sababbi in ba a ɗauki mataki ba. Wannan sashe ba ya aiki sai da rijista mai tsabta: ranar shigowa, kotu, tuhuma, ranar zama ta gaba. Ma'aikacin da ya iya riƙe rijista yana rage cunkoso fiye da yadda yake zato, domin daga takardarsa ake zaɓo waɗanda za a gabatar in Babban Joji ya kawo ziyara.

Tambaya: Ɗana yana tsare yana jiran shari'a, kuma yana da ciwon asma tun yana yaro. Ba na barci. Shin gandirobobi sun san abin da za su yi in ta tashi masa da dare? Daga wata uwa, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo masa mafita, Ya ba shi lafiya. Taimakon gaggawa yana cikin abin da Ƙa'idojin Mandela suka ce a koya wa kowane ma'aikaci, kuma hukumar tana da nata ma'aikatan jinya. Amma da dare gandiroban da ke layi shi ne na farko da zai ji bugun ƙofa, don haka iliminsa shi ne abin dogaro.

Abin da ake koyarwa game da asma shi ne a zaunar da mutum a miƙe, kada a kwantar da shi, a fitar da shi daga cunkoso zuwa inda iska take, a ba shi abin shaƙarsa, shaƙa ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 har zuwa 10. In ba ya iya ƙarasa jimla, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya fara gajiya da numfashin, asibiti za a nufa nan take. Abin da ke ɓata lamari shi ne a kulle maganin a ofis, makullin ofis kuma ya tafi gida da mai shi. Don haka ki kai katin asibitinsa da maganin, ki nemi ganin jami'in walwala da ma'aikacin jinya, ki roƙi a rubuta ciwon a fayil ɗinsa, a bar abin shaƙar a hannunsa. Ki ba da buƙatar a rubuce, ki riƙe kwafi. Ƙa'ida ta 30 ta ce likita ko ma'aikacin lafiya ya duba kowa da zarar an kawo shi. In lauya ya gagara, Hukumar Agajin Lauyoyi ta gwamnatin tarayya kyauta take aiki, kuma takardar asibiti hujja ce da lauya zai iya gabatarwa wajen neman beli.

Tunda an taɓo lafiya, ga sauran abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Tarin da ya kai mako 2, da zufar dare da rama, a kai majina gwajin tarin fuka, a ware mai shi daga ɗaki. Maganin kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma wanda aka sallama ko aka sauya wa gida a tsakiyar magani dole katinsa ya bi shi, in ba haka ba ciwon ya dawo da taurin kai. Gudawa in ta ɓarke, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce kowane ɗaurarre yana buƙatar aƙalla lita 10 zuwa 15 ta ruwa a rana. Wanda ya saba da tiramadol ko kodin ko giya, kwanakin farko da aka tsare shi zai yi rawar jiki, zufa, rashin barci, wani har da farfaɗiya, kuma sau da yawa ana ɗaukar wannan iskanci ne a hukunta shi, alhali jinya yake buƙata. Kwanakin farko ɗin nan, da ranar da aka yanke hukunci, su ne lokacin da aka fi fargabar mutum ya kashe kansa, shi ya sa a Ingila jami'in layi yake yawo da 'yar wuƙa ta musamman ta yanke igiya. In numfashi ya tsaya, a kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura iska sau 2, ana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti. Wannan hannu ke koyonsa a jikin mutum-mutumi, kuma yana zubewa in ba a maimaita shi duk shekara.

Nowe da Ingila sun ɗauki wata hanya: ma'aikatan lafiyar gidan yari na hukumar lafiya ta ƙasa ne, daga waje suke shigowa. Amfaninsa shi ne mai jinya ba ya ƙarƙashin odar mai makulli, kuma magani ba ya yankewa ranar da aka sallami mutum.

Tambaya: Bayan abin da ya faru a Kuje, me ya sa ba za a ba kowane gandiroba bindiga a koya masa harbi ba? Daga wani tsohon soja, Kawo.

Amsa: Ranka ya daɗe, harin Kuje na daren 5 ga Yulin 2022, inda sama da mutum 800 suka fice, da na Owerri a Afrilun 2021, inda sama da 1,800 suka fice, daga waje aka kawo su. Maganinsu a katanga da hasumiya yake, kuma hukumar tana da runduna mai ɗauke da makamai da makarantarta a Owerri. Abin da ake buƙata a nan shi ne atisayen haɗin gwiwa da soja da 'yan sanda, rediyon da ke aiki, da sanin wanda ke ba da oda tun kafin dare ya yi.

Cikin gida kuwa lissafin daban ne. Mutum ɗaya tsakiyar ɗari, bindigarsa ta wanda ya fi ƙarfi ce. Shi ya sa Ƙa'ida ta 82 ta ce masu hulɗa kai tsaye da ɗaurarru kada su riƙe makami sai a yanayi na musamman, ƙarfi kuma sai don kare kai, hana tserewa, ko in an bijire wa umarnin da ke kan doka, kuma a kai rahoto nan da nan. Ingila tana koyar da kama mai tayar da hankali da mutum 3, ɗaya ya kare kan mutumin, biyu su riƙe hannuwa, babba yana tsaye yana lura da numfashi. Babban haɗari shi ne a kifa mutum rub da ciki, a ɗaure hannunsa ta baya, a danne bayansa. Ƙirji ba ya samun buɗewa, sai ya yi ta fizga don neman iska, masu riƙo su zaci gardama ce su ƙara dannewa. In ya ce ba ya iya numfashi, a yarda da shi. Da zarar ankwa ta shiga, a juya shi gefe ko a zaunar da shi.

Wani horon da aka fi mantawa shi ne na bala'i. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, a Satumbar shekarar ambaliya ta shiga gidan yarin Maiduguri. Kowane gida yana buƙatar rubutaccen tsari da aka gwada a aikace: wane ɗaki za a fara buɗewa, ina makullan ajiya suke, ina za a tara mutane, wa zai ɗauki rijista, wa zai ƙirga.

Tambaya: Ni mace ce, ina sha'awar aikin, amma mahaifina yana tsoron a haɗa ni da maza fursunoni. Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki gaya wa Baba aikin yana buƙatar mata ƙwarai. Ƙa'ida ta 81 ta ce sashen mata mace ce ke riƙe da makullansa, namiji ba ya shiga sai da rakiyar ma'aikaciya, ta 52 kuma ta ce binciken jiki mace ke yi wa mace, a keɓe. Ana iya tura ki ofis, rijista, walwala, asibiti ko ƙofar baƙi a gidan maza, wannan gaskiya ne, gara ya sani tun yanzu.

Horon da ya shafi mata yana cikin Ƙa'idojin Bangkok guda 70 na 2010, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara domin mata ɗaurarru. Dokarmu ta 2019 ta tanadi gwajin ciki ga duk macen da aka kawo, da kulawar masu juna biyu, da wurin renon jarirai. Ba a sa wa mace ankwa ko mari tana naƙuda, ko wajen haihuwa, ko bayanta nan take. Ba a kulle mai ciki ko mai shayarwa ita kaɗai a matsayin hukunci. Tambayar farko da ake koya wa ma'aikaciya ta yi wa sabuwar shigowa ita ce: "Wa kika bar wa yara?" Da yawa an kamo su ne babu wanda ya san akwai yaro a ɗaki.

Tambaya: Ni ƙaramin ma'aikaci ne, an tura ni sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, kuma horon da na yi na tsaro ne. Ina zan ƙaro ilimi ba tare da jiran a tura ni kwas ba? Daga wani ma'aikaci, Barnawa.

Amsa: Malam, ka faɗa sashen da ya fi kowane sabunta. Dokar 2019 ta ɗora masa aikin hidimar al'umma, sa ido a kan wanda aka saki bisa sharaɗi, sakin talala kafin wa'adi ya cika, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Tushensa na duniya Ƙa'idojin Tokyo ne na 1990, na Majalisar Ɗinkin Duniya kan hukuncin da ba na ɗauri ba, Kenya kuma tun 1998 take da dokar hidimar al'umma, akwai abin koyo a wurinta.

Aikin na ƙafa ne da biro. Ka je gidan mutum ka tabbatar a nan yake zaune, ka gana da mai unguwa da liman ko fasto, ka sami wanda zai tsaya masa. Wurin aikin da za ka tura shi, asibiti ne ko makaranta ko kasuwa, ya kasance kusa da gidansa, domin kuɗin mota shi ke fara karya tsarin, kuma lokacin kada ya ci karo da neman abincinsa. A ajiye takardar sa hannu ta kowace rana a wurin mai lura da shi. In ya yi fashi, ka neme shi ka ji dalili, ka rubuta gargaɗi, in ya maimaita ka mayar wa kotu da rahoto mai kwanan wata. Alƙali ba zai sake ba da irin wannan hukunci ba in ya ga ba a bin sawu.

Wajen ƙarin ilimi, ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da darasin intanet kyauta a kan Ƙa'idojin Mandela, da takardar shaida in ka gama, kuma waya ta isa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da digiri a ilimin aikata laifi da tsaro, tana da cibiya a Kaduna, za ka iya yi kana aiki. A Kenya da Yuganda ƙungiyar Justice Defenders tana koya wa gandirobobi da ɗaurarru aikin shari'a a aji ɗaya, wasu har sun yi digirin lauya na Jami'ar Landan. In kana hangen aikin wanzar da zaman lafiya, Majalisar Ɗinkin Duniya tana karɓar jami'an gidan yari da gwamnatoci ke turawa ƙasashe irin Sudan ta Kudu da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ana duba shekarun aiki, iya rubuta rahoto, lasin tuƙi, da Turanci ko Faransanci, kuma mai Faransanci ya fi samun gurbi a Afirka ta Tsakiya. Duk takardar shaidar da ka samu, ka kai kwafi ofishin mulki a sa a fayil ɗinka, ka tabbatar an buga mata hatimin karɓa.